Tarihin Hedifon: Shekara 140 Kai da Kunne Suna Neman Sauƙi

Yau za mu waiwayi tarihin wani kayan aiki da ya shigo sana'armu ba sallama, wato hedifon. Babban nan muke nufi, mai ƙoƙuna biyu da ke rufe kunne ruf, wanda ake ratayawa ta saman kai. Ƙaramin da ake cusawa cikin ramin kunne, wanda muka fi sani da iyafis, shi ma zai leƙo cikin labarin, amma ba shi ne angon ba.

Da yawanmu kan wuni da wannan abu a kai. Wanda ya ɗauko hira da wani dattijo ya san cewa juye hirar awa 1 a rubuce kan ci awa 4 ko fiye, ana saurare ana mayarwa baya. Haka mai karanta littattafai a YouTube, da mai tace sautin fim, da mai bin tsohon kaset yana rubuta baitocin makaɗan baka, da wanda kawai yake neman tsira daga ƙarar janaretan maƙwabta don ya ƙarasa babi. Dukkanmu mun san yadda abin yake tafiya. Awa ta farko lafiya lau. A ta biyu kunne ya ɗauki zafi. A ta uku tsakiyar kai ta fara zugi, mutum ya riƙa gyara zaman abin yana ɗaga ƙoƙo ɗaya don kunne ya sha iska.

Masu ba da tarihin hedifon sun fi karkata ga zancen sauti: wane ne ya fara fitar da murya garau, wane ne ya kawo kiɗa mai ratsa ƙirji. Amma in muka bi sawun abin tun daga farko, za mu ga cewa abubuwa 3 ne suka fi ba maƙeransa wahala, kuma duk ba su shafi sauti kai tsaye ba: nauyi, matsi da zafi. Sau da yawa in an rage ɗaya sai ɗayan ya ƙaru. Za mu kuma ga cewa yawancin gyaran da aka samu, ma'aikatan da ba su da ikon cire shi a lokacin da suka ga dama ne suka jawo shi.

Zamanin kafaɗa da hannu

Asalin abin daga ofishin tarho yake. A shekarun farko na wayar tarho, ba a kiran mutum kai tsaye. Sai ka fara magana da ma'aikacin da ke zaune gaban wani babban allo, shi zai ɗauki waya ya soka a ramin layin wanda kake nema. A 1878 aka ɗauki Emma Nutt aiki a birnin Boston na Amurka, ta zama mace ta farko a wannan sana'a, daga baya kuma mata suka mamaye ta. Mai wannan aiki tana buƙatar hannuwanta biyu, don haka dole a nemi inda za a ɗora abin magana da na sauraro. A shekarun 1880 aka ƙera wani irin kaya da ake ɗorawa a kafaɗa, mai abin sauraro na kunne ɗaya, nauyinsa ya haura kilo 4. Mu kwatanta da ɗaukar galan ɗin ruwa a kafaɗa tun safe har yamma, ana kuma so murya ta fita da fara'a.

Masu kuɗi kuwa nasu nauyin a hannu ya sauka. A 1881, a wani baje kolin kayan lantarki a Faris, injiniya Clément Ader ya jawo wayoyi daga gidan wasan opera, mutane suka riƙa kara abin sauraro biyu a kunnuwansu suna jin waƙa daga nesa. Daga 1890 abin ya zama kasuwanci da sunan Théâtrophone, har da akwatunan da ake jefa kwabo a otal da gidajen shayi a saurari minti 5. Marubucin Faransa Marcel Proust, wanda ciwon asma ya tsare a ɗaki, ya yi rajista a 1911, ya riƙa sauraren opera daga kan gadonsa. A Landan an yi irin wannan kamfani mai suna Electrophone daga 1895, ana biyan fam 5 a shekara a ji wasan kwaikwayo da wa'azin coci. Nasu abin sauraron yana da sanda da ake riƙewa a ƙarƙashin haɓa. Ba ya matse kai, amma wasan da zai yi awa 3, hannu ne zai gaya wa mai shi.

Abin mamaki, tun a wancan lokaci akwai wanda ya gano bakin zaren. A 1891 wani injiniyan Faransa, Ernest Mercadier, ya yi rajistar wani ɗan ƙaramin abin sauraro da ake maƙalawa a kunnuwa biyu, nauyinsa bai wuce giram 50 ba. A cikin takardar rajistar ya yi bayanin rufe bakinsa da roba, don rage gogayya da fatar kunne da kuma toshe hayaniyar waje. Ke nan tun 1891 an san cewa abin da ke taɓa fata yana aiki biyu a lokaci guda. Duniya ce ba ta shirya karɓa ba.

Teburin girki a Utah

Siffar da muka sani yau, ƙoƙuna biyu da wani lanƙwasasshen ƙarfe ya haɗa ta saman kai, ana danganta ta da Nathaniel Baldwin na jihar Utah a Amurka. Mu kira wannan ƙarfe baka, saboda kamarsa da bakan maharbi. A 1910 Baldwin ya aika wa rundunar sojojin ruwan Amurka samfurin da ya haɗa da hannu a ɗakin girkin gidansa. Da suka gwada, sai suka tarar ya fi waɗanda masu karɓar saƙon rediyonsu ke amfani da su jin ƙaramin sauti. Suka nemi 100, alhali mutumin guda 10 kawai yake iya haɗawa a lokaci ɗaya.

Abin lura a nan shi ne, mai karɓar saƙo a jirgin ruwa yakan yi awanni yana kasa kunne ga ɗigo da layin harafin Morse, kuma in ya cire na minti ɗaya saƙo zai iya wucewa. Saboda haka gyaran da aka yi wa samfurin Baldwin ya haɗa da zaman abin a kai. Bakansa ya zama siraran ƙarafa biyu masu tsalle da aka naɗe da fata, kowane ƙoƙo kuma yana kan ɗan sanda da ake ja sama ko ƙasa gwargwadon tsawon kan mutum. Wannan jan sama da ƙasa da muke yi yau ba tare da tunani ba, a nan ya samo tushe.

Duk da haka ba a kai ga laushi ba. A shekarun 1920, da rediyo ya shiga gidajen Turai da Amurka, akwatunan farko masu araha ba su da ƙarfin tayar da lasifika, sai da hedifon. Ƙoƙunan na ƙarfe ne da wata baƙar roba mai tauri, suna zaune kai tsaye a kan guringuntsin kunne, babu soso babu tsumma. A wasu gidajen akan jefa hedifon ɗin cikin kwano, don kwanon ya ɗan ƙara sautin iyali su kewaye shi su ji tare. Da lasifika ta yi araha, mutanen gida suka ajiye hedifon ba tare da kewa ba, ya koma hannun ma'aikata.

Kotun da kowa ya rataya waya

A 1937 kamfanin Eugen Beyer na Berlin ya fitar da DT 48, wanda ke aiki da irin dabarar lasifika, wato maganaɗisu da naɗin waya suna girgiza wani siririn faifai. An ci gaba da ƙera shi har 2012, shekara 75 ke nan, masu ɗaukar sauti da masu gwajin ji a asibiti suna amfani da shi.

Sai dai wani wurin da duniya ta ga ɗaki cike da manyan mutane kowa da hedifon a kai shi ne kotun Nuremberg a Jamus, inda aka gurfanar da jagororin Nazi daga 20 ga Nuwamba 1945 zuwa 1 ga Oktoba 1946. Harsuna 4 ake shari'ar da su: Ingilishi, Faransanci, Rashanci da Jamusanci. Da an bi tsohuwar hanya ta mai magana ya tsaya tafinta ya fassara, da shari'ar ta ninka tsawonta. Sai aka ɗauko na'urar kamfanin IBM, ƙarƙashin jagorancin Léon Dostert, tafintoci suna fassara a daidai lokacin da ake magana, kowa a ɗakin yana murɗa maɓalli ya zaɓi harshensa. Akwai fitila mai ruwan ɗorawa da ake kunna wa mai magana ya rage gudu, da ja mai nufin ya tsaya.

Tafintoci 36 ne aka raba gida 3, kowane gida mutum 12, suna karɓa-karɓa, zama ɗaya kimanin minti 85, kullum kuma gida ɗaya yana hutu. Gajiyar ƙwaƙwalwa ce babban dalilin wannan tsari, amma darasin ya shafi duk mai aiki da kunne. Tun a 1945 an gane cewa sauraro mai zurfi aiki ne da ake yanka wa lokaci. Mu da ke zaman awa 5 a kan hira ɗaya ba tashi, ya kamata mu riƙe wannan lissafi na minti 85.

Soso, ruwa da iska

Hedifon ya dawo gida a 1958 ta hannun John Koss, wani mai busa ƙaho a birnin Milwaukee. Shi da abokin aikinsa Martin Lange sun haɗa ƙaramin garmaho ne don sayarwa, suka maƙala masa hedifon mai sautin sitiriyo, wato kowane kunne da nasa ɓangaren kiɗan, don jawo hankalin masu saye. Mutane suka yi watsi da garmahon suka kama hedifon ɗin. Wannan shi ne SP/3, mai ƙoƙunan roba da soso a bakinsu.

Daga nan aka shiga tseren girma. Don kiɗa mai kauri ya fito, dole iska kar ta tsere tsakanin ƙoƙo da kai, don haka aka ƙara girman ƙoƙo da ƙarfin matsi. Pro/4AA na kamfanin Koss, wanda ya fito a 1970, ya haura rabin kilo, kuma matasan kunnensa ruwa aka ɗura musu don su bi siffar kan mutum su like. Dabara ce mai kyau ta fuskar toshe iska, amma wuya da tsakiyar kai ne suka biya kuɗin.

A Jamus an bi wata hanyar. A 1968 kamfanin Sennheiser ya fitar da HD 414, hedifon na farko mai buɗaɗɗen baya. An bar bayan ƙoƙon a buɗe iska tana shiga tana fita, ga shi sakayau, da ɗan soso da ke zama a kan kunne. An sayar da fiye da miliyan 10. Zafi ya ragu, nauyi ya ragu, amma na kusa da kai yana jin abin da kake ji, kai ma kana jin hayaniyarsa. A 1975 kamfanin AKG na Vienna ya kawo K240, mai wani faffaɗan maɗauri a ƙarƙashin baka wanda ke miƙewa da kansa ya dace da kan wanda ya saka. Duk wanda ya taɓa ɗaukar tulu ya san hikimar: aikin gammo ne, a baza nauyi a wuri mai faɗi.

Sai kuma Japan. Masaru Ibuka, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Sony, yana son sauraren kiɗa a dogayen tafiye-tafiyensa na jirgin sama. Daga wannan buƙata aka haifi Walkman, wanda ya shiga kasuwa ranar 1 ga Yuli 1979. A lokacin yawancin hedifon suna tsakanin giram 300 da 400, kusan nauyin ita kanta na'urar kaset ɗin. Wanda Sony ya haɗa da Walkman bai kai giram 50 ba. Ba don wannan sauƙin ba, da wuya a ga mutum yana tafiya a titi da kiɗa a kunne.

Abin da matuƙa jirgi suka koya mana

Babu wanda ya sha wahalar matsi kamar matuƙin jirgin sama. Ƙarar inji tana cinye ji, kuma hanyar da aka sani ta tare ta ita ce manyan ƙoƙuna masu matse kai tamau. A 1961 wasu matuƙa biyu, Courtney Graham da Keith Larkin, suka kafa Plantronics a California don ƙera abin magana da sauraro mara nauyi. Kayansu ne ke cikin hular da Neil Armstrong ya saka ƙarƙashin kwalkwalinsa lokacin da ya yi magana daga duniyar wata a 1969.

A 1978 Amar Bose, malami a jami'ar MIT, yana cikin jirgi daga Zurich zuwa Boston, ya ga ƙarar inji ta hana shi jin kiɗan da ke cikin hedifon da aka raba wa fasinjoji. A cikin jirgin ya fara lissafin yadda za a kashe ƙara da ƙara. Tunanin ba sabo ba ne, domin wani Bajamushe, Paul Lueg, ya yi masa rajista tun shekarun 1930. Ɗan makirufo ne ke sauraren hayaniyar waje, na'ura ta haifar da kishiyar igiyar sautin, su biyun su haɗu su soke juna. Aiwatarwar ce ta ci shekaru. A Disamba 1986 Dick Rutan da Jeana Yeager suka zagaya duniya a jirgin Voyager ba sauka ba shan mai, kwana 9 a wani ɗan matsattsen ɗaki tsakanin injina biyu, sanye da samfurin gwaji na Bose. A 1989 aka fara sayar wa matuƙa, a 2000 kuma na fasinjoji ya fito da sunan QuietComfort. Amfanin wannan dabara ga jin daɗin sakawa shi ne, tunda lantarki ya ɗauke wani kaso na aikin tare ƙara, ana iya sassauta matsin baka. Sai dai batir da na'ura sun ƙara nauyi, kuma wasu mutane kan ji kamar ana danna musu dodon kunne in an kunna ta.

Sararin samaniya ya ba da wasu gudummawa biyu. Ta farko ita ce soson nan da in ka danna yake riƙe shatin yatsa kafin ya dawo a hankali. Charles Yost ne ya haɗa shi a 1966 a wani aiki na hukumar NASA don kujerun jirgi, yau shi ne cikin matasan kunnen yawancin hedifon masu tsada. Ta biyu wani bincike ne. A 1950 rundunar sojin saman Amurka ta auna jikin matuƙa 4,063, wani matashin jami'i, Gilbert Daniels, ya ɗauki ma'auni 10 ya duba mutum nawa ne suka faɗa tsaka-tsaki a dukkansu. Bai samu ko mutum ɗaya ba. Daga nan rundunar ta koma neman kujeru da kayan da ake iya daidaitawa. Wannan ya bayyana mana dalilin da ya sa hedifon ɗin da abokinka ke yabo kai yake sa ka ciwon kai. Babu kai biyu da suke daidai, kuma duk kamfanin da ya ƙera wa matsakaicin kai, ya ƙera wa wanda babu shi.

Inda ciwon yake fitowa

In muka tattara wannan tarihi, za mu ga wurare 3 ne ke kuka. Na farko tsakiyar kai, inda nauyi ke sauka. Siririn baka yana tara nauyin a wuri ɗaya, faffaɗa yana baza shi. Shi ya sa awon giram kaɗai ba ya ba da labari duka. AirPods Max na Apple da ya fito a 2020 yana da kimanin giram 385, wato ya koma cikin nauyin da Sony ya guje wa a 1979, sai aka yi masa raga mai faɗi a sama don ta ɗauki kayan. Takwarorinsa na Sony kuwa suna wajen giram 250.

Na biyu gefen kai. Matsi ne ke hana abin zamewa, shi ne kuma ke like matashin da fata. In ya yi yawa yakan kawo ciwon kai, kuma likitoci sun san wannan nau'in, irin wanda matsattsen kwalkwali ko tabaran ninkaya ke jawowa, yakan lafa bayan an cire abin. In ramin ƙoƙo bai kai girman kunne ba, ko bai yi zurfi ba, sai ya danne guringuntsi a jikin ƙashi. Kunnen babban mutum yana kai santimita 6 ko fiye, kuma yana ƙara tsawo da shekaru, alhali hedifon da yawa da aka rubuta wa "mai rufe kunne" raminsu bai kai haka ba. Mai tabarau kuma ƙafar tabaran ce ke shiga tsakani, ta nutse a fata, ta kuma buɗe kafar da sauti ke tserewa.

Na uku zafi. Fatar roba tana toshe iska da kyau amma tana tara gumi. Karammiski, irin wanda Beyerdynamic ya saka wa DT 770 tun 1985, yana barin fata ta numfasa amma yana barin hayaniya ta ɗan shigo.

Namu kan da tamu ƙasar

A ƙasar Hausa sauraro abin taro ne tun asali. Da BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, masu gabatarwa ne ke sanye da hedifon a ɗakin watsa shiri, jama'a kuwa a majalisa suke kewaye rediyo ɗaya. Ya fara shiga hannun talaka ne da ƙananan rediyo masu kaset irin na Walkman, sannan bayan zuwan wayar salula Najeriya a 2001, da wayoyin da rediyonsu ba ya kamawa sai an soka iyafis, domin igiyarsa ce eriya. Babban mai rufe kunne ya yawaita ne bayan Beats ya mayar da shi kayan ado daga 2008, kwaikwayonsa masu araha suka cika kasuwannin waya.

Duk tarihin da muka zayyano an yi shi ne a wurare irin su Boston, Berlin, Vienna da Tokyo, a kan kawunan da ba hula kuma cikin sanyi. Mu kuwa namiji yana da zanna bukar ko ƙube a kai, dole ya zaɓi hula ko hedifon, ko ya tura bakan baya ya karkace zaman ƙoƙunan. 'Yar uwa mai kitson shuku, daidai inda gashin ya taru nan baka ke son zama. Mai ɗaurin ɗankwali ma haka. Wadda ta ɗora shi a kan hijabi kuwa, yadin yana hana matashin likewa, sauti ya dushe, hannu ya tafi wajen ƙara murya. Ga zafin watan Afrilu a Sakkwato ko Maraɗi da ke haura digiri 40, inda fatar roba ke jiƙa kunne cikin mintoci, kafin a jima kuma ta fara ɓarewa tana barin baƙin gari a wuyan riga. Mai buɗaɗɗen baya zai fi mana sanyi, amma a unguwar da janareta da adaidaita sahu ba sa hutawa, shi ma ƙara murya zai sa mu yi.

Haɗarin da ke cikin daɗi

A nan ne tarihin ya juyo da wata fuskar. Ma'aikaciyar tarho ta 1880 da mai rediyon 1920 ba sa buƙatar wanda zai ce musu su huta, jiki magayi ne. Yau an yi nasara a kan nauyi da matsi har mutum yana iya manta abin yana kansa, batir kuma yana kai awa 30. An kashe ƙararrawar da ke waje, amma cikin kunne bai canza ba. Can ciki, a wani ɗan wuri mai siffar dodon koɗi, akwai ƙwayoyin ji masu kama da gashi kimanin 15,000 a kowane kunne. Ƙara mai ƙarfi na tsawon lokaci tana kashe su a hankali ba tare da zafi ba, kuma a jikin ɗan Adam wanda ya mutu ba ya sake tsirowa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan 1 suna cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraro. Ma'aunin da ta bayar ga babban mutum shi ne desibel 80 na awa 40 a mako. In aka kai desibel 90, lokacin ya sauko awa 4 a mako, a desibel 100 kuwa minti 20 kacal. Ga marubuci wannan ba ƙaramar asara ba ce. Harshenmu na karin sauti ne da tsawon wasali, da kunne muke bambance kalmomin da rubutunsu ɗaya ne, da shi muke kama yadda tsohuwa ke jan magana da yadda ɗan kasuwa ke yanke ta. Rashin ji irin na ƙara yakan fara ne da siraran sautuka, mutum ya riƙa jin ana magana amma kalmomin suna haɗe masa, musamman a cikin taro.

Don haka in za mu saya, mu nemi a bar mu mu saka na aƙalla minti 15 a shagon, da tabaranmu da irin ɗaurin da muka saba, domin minti ɗaya ba ya nuna komai. Mu duba ko kunne ya shige ramin gaba ɗaya bai taɓa bango ba, mu tambaya ko ana samun matasan canji, tunda su ne ke fara mutuwa. Wanda ya like da kyau ya tare hayaniya zai ba mu damar rage murya, kuma wannan shi ne babban amfanin dacewar hedifon da kai. Idan muna aiki, mu riƙe murya ƙasa da kashi 60 cikin 100, mu saka ƙararrawar waya ta tashe mu duk bayan awa ɗaya ko minti 85 irin na tafintocin Nuremberg, mu cire, mu goge gumi, mu bar kunne ya ji shirun ɗaki. Wanda ya cire ya ji kunnensa yana ƙugi ko ya toshe, wannan alama ce ta ya wuce gona da iri, in abin ya ƙi tafiya kuma ya ga likitan kunne. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Muna so mu ji daga gare ku, musamman masu juye hira da masu karatun littafi a murya: awa nawa kuke yi kafin ya fara damunku, kuma wace dabara kuka samo wa hula da ɗankwali?